Wankan kyanwa: yaushe yake zama dole, yaushe yake zama cutarwa?

Wata mai karatu ta aiko da tambaya cewa an ba ta 'yar kyanwa marainiya wadda ba ta wuce mako biyar ba, jikinta duk ƙuma, bayanta kuma ya ɓaci da zawo. Tana da wata babbar mage 'yar shekara uku da ba a taɓa yi wa wanka ba, har mutanen gida sun fara cewa ƙazanta ce. Tana so ta san ko za ta iya wanke ƙaramar, da wane irin sabulu, kuma sau nawa ya kamata a riƙa wanke babbar.

Malama, sannu da ɗawainiya. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma amsoshinsu sun sha bamban. Babbar magenki, muddin tana da lafiya kuma gashinta gajere ne, ba ta buƙatar wanka ko da za ta shekara goma a haka. Ƙaramar kuwa tana buƙatar a tsabtace ta yau ɗin nan, sai dai da taka-tsantsan, domin a ƙanƙantarta sanyi ya fi dauɗa saurin halaka ta. Bari in fara da babbar don hankalinki ya kwanta, sannan mu daɗe a kan ƙaramar, tunda ita ce ke cikin haɗari.

Mage mai lafiya tana shafe kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na lokacin da take farke tana lasar jikinta. Idan ta taɓa lasar hannunki kin ji kaushin harshenta. Ƙananan ƙayoyi ne jere a kansa, sun karkata baya wajen maƙogwaro, kuma sinadarin da ke cikinsu shi ne wanda ke cikin farcenta. A shekarar 2018 masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka sun nuna cewa bakin kowace ƙaya yana da ɗan kwarmi da ke ɗibar yawu, ya ratsa da shi har ƙasan gashi ya taɓo fata. Da wannan lasar take kakkaɓe ƙura, ta cire gashin da ya mutu, ta baza maiƙon da fatarta ke fitarwa har gashin ya yi sheƙi. Da ita kuma take rage zafin jiki, domin mage ba ta gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, yawun da ke bushewa a kan gashi shi ke sanyaya ta. Duk wanda ya kai hancinsa bayan wuyan mage mai lafiya ya san ba ta da wari.

Ƙin ruwan da take yi ma yana da asali. Kakanninta kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, kuma zamanta da ɗan Adam ya kai shekara dubu tara da wani abu. A tsibirin Kubrus an tono kabarin mutum da aka binne tare da mage, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 9,500. Dabba ce da ba ta taso a bakin kogi ba. Gashinta yana shan ruwa ya yi nauyi, ya daɗe bai bushe ba, ita kuwa duk tsaron kanta ya dogara ne da sauri da sauƙin jiki. Akwai 'yan tsiraru masu son wasa da ruwa, amma ba a gina hukunci a kansu.

Akwai wani abu kuma da masu mage biyu ya kamata su sani. Mage tana gane 'yar'uwarta da mazauninta ta hanyar ƙanshi. A kumatunta da haɓarta da goshinta da gindin wutsiyarta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙanshi da mu ba ma ji, shi ne take gogawa a ƙafarki da ƙafar kujera. Idan aka wanke ta da shamfu mai turare, an goge mata wannan shaidar. Shi ya sa za ki ga da ta tsira daga wanka sai ta zauna tana lasar kanta ba ƙaƙƙautawa, tana ƙoƙarin mayar da ƙanshinta. Shi ya sa kuma wani lokaci maguna biyu da suka tashi tare sukan kama faɗa bayan an wanke ɗaya, don ɗayar ta ɗauka baƙuwa ce ta shigo.

Saboda haka ga babbar magenki babu wani lissafin sau kaza a wata. Wanka a wurin mage magani ne na wata matsala da ta taso. Ana yin sa idan ta shafo abin da bai kamata ta lasa ba, kamar baƙin mai, fenti, gam ɗin kama ɓera ko maganin ƙwari. Ana yin sa idan likitan dabbobi ya rubuta shamfu na magani saboda ciwon fata irin makero. Ana yin sa idan zawo ko fitsari ya ɓata ta fiye da abin da tsumma zai iya gogewa. Sai kuma wasu jinsuna na musamman: wadda ake kira Sphynx ba ta da gashin da zai shanye maiƙon fatarta, don haka ana wanke ta a kai a kai, kyanwar Farisa mai dogon gashi kuma takan buƙaci wanka jefi-jefi, ko da yake abin da ta fi buƙata shi ne taje gashi kullum.

Ina so ki riƙe wannan da kyau, don a nan ne mutane da yawa ke rasa damar ceton dabbarsu. Idan magen da kika sani da tsabta ta fara yin buzu-buzu, gashinta ya yi maiƙo ko ya cukurkuɗe, ko ta fara wari, kada ki nemi baho, ki nemi likita. Mage ba ta barin lasar jiki sai da dalili. Tsohuwa ce ciwon gaɓoɓi ya hana ta lanƙwasawa, ko ƙiba ta hana ta kai baki bayanta, ko ciwon haƙori da dasashi ya sa lasar tana yi mata zafi, ko kuma ciwon ƙoda ko na suga ya fara cin ta. Mage gwana ce wajen ɓoye ciwo, kuma sau da yawa lalacewar gashi ita ce alamar farko da za a gani. Wanke ta a wannan hali ɓoye alamar ne kawai, cutar tana nan.

Idan kuwa warin da mutanen gida ke kuka da shi daga ɗaki yake fitowa, to kusan kullum wurin ba-hayarta ne ko fitsarin muzuru. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kowace rana, a wanke robar duk mako, kuma tunda yanzu magunanki biyu ne, a tanadi roba uku a wurare daban-daban, wato kowace da tata da ƙarin guda. Muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba yana fesa fitsari mai ƙarfin wari a bango don shata yankinsa, kuma babu wankan da ke maganin wannan. Mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe kashin, ko ta sa safar hannu, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da ɗan tayi. Kwashewa kullum yana rage haɗarin sosai, domin ƙwayar tana buƙatar aƙalla kwana guda a waje kafin ta iya kama mutum.

Yanzu ga ƙaramar.

Zafin jikin babbar mage yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas. Jinjirin kyanwa ba ya iya riƙe wannan zafin da kansa sai ya kai wajen mako huɗu, shi ya sa kullum suke cure a jikin uwarsu da jikin juna. Taki ta ɗan wuce wannan matakin, amma nauyinta bai fi rabin kilo ba, ba ta da kitse, ba ta da uwar da za ta lashe ta ta bushe, ga zawo ga ƙuma sun rage mata ƙarfi. Jiƙaƙƙen gashi yana zuƙe zafin irin wannan ɗan jiki cikin mintuna kaɗan, ko da ke kina jin ɗakin da ɗumi. Idan zafin ya sauka, hanjinta yana rage aiki, sugan jininta ya faɗi, ta yi laushi ta daina cin abinci, daga nan abubuwa suke lalacewa da sauri. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a jira mako takwas kafin a yi wa ɗan kyanwa cikakken wanka. Kafin nan, wurin da ya ɓaci kaɗai ake wankewa.

Kafin ki taɓa ruwa, ki ɗaga leɓenta ki duba dasashi. Ya kamata ki gan shi jaja-jaja mai ɗan danshi. Idan fari ne fat ko ya koɗe, ƙuma ta sha mata jini da yawa, kuma ƙuma kaɗai tana iya kashe kyanwa mai wannan girman. Ki taɓa kunnuwanta da tafin ƙafarta da cikin bakinta. Idan kin ji sanyi, ko kin ga tana langaɓewa ba ta iya tsayawa, to babu batun wanka ko kaɗan. Ki sa ta cikin rigarki a jikin fatarki, ko ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tawul ki kwantar da ita a gefe, ta ɗumama a hankali, ki kai ta asibitin dabbobi a ranar. Kada ki ɗura mata madara tana cikin sanyi, domin cikinta ba zai narkar ba, kuma tana iya shaƙewa ta shiga huhu.

Idan tana da kuzari, tana tafiya, tana ci, dasashinta da jini, sai ki fara da bayanta. Ki zuba ruwan ɗumi a ƙaramar roba, ki gwada da cikin wuyan hannunki, ya zama ba ki jin zafi ba ki jin sanyi. Ki ɗora ƙirjinta a tafin hannunki, ki jiƙa auduga ko tsumma mai laushi ki riƙa dannawa a wurin da kashin ya bushe har ya jiƙa ya saki da kansa. Kada ki fizga, fatar wurin tana da rauni kuma wataƙila zawon ya riga ya sa ta yi ja. Idan abin ya yi yawa, ki tsoma ƙugunta da ƙafafun baya kaɗai, sauran jikin yana bushe. Ki goge ta da tawul nan take har sai kin sa yatsa a ƙasan gashin kin ji ba danshi. Wannan aikin ba na jinkiri ba ne: busasshen kashi yana iya toshe mata dubura, ƙudaje kuma suna iya yin ƙwai a wurin su ƙyanƙyashe tsutsa cikin kwana guda.

Wanke bayan ba zai tsayar da zawon ba, sai an gano tushensa. Abin da na fi gani shi ne madarar shanu. Mutane suna ba da ita da kyakkyawar niyya, amma sugan da ke cikinta ya fi ƙarfin hanjin kyanwa, kuma abubuwan gina jiki da ke cikinta ba su kai na nonon mage ba. A nemi madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, a mako biyar kuma ta isa fara cin jiƙaƙƙen abincin ƙananan maguna. Bayan madara sai tsutsar ciki, wadda yawancinsu ke samu ta nonon uwa, kuma a shekarunta an isa a ba ta maganin tsutsa gwargwadon nauyinta. Idan zawon ya wuce yini guda, ko akwai jini, ko amai ya biyo, kada ki jira. Ruwan jikinta kaɗan ne, ƙarewarsa ba ta da wuya.

Ga ƙuma kuwa, makaminki na farko shi ne mataji mai ƙananan haƙora masu matsi. Ki ajiye kwano da ruwan sabulu a gefe, ki riƙa tajewa daga kai zuwa wutsiya, duk wadda ta maƙale ki tsoma matajin a kwanon ta nutse. Ki fi mai da hankali a wuya, hammata, ciki da gindin wutsiya. Baƙin garin da za ki ga yana zubowa kashin ƙuma ne. Ki zuba shi a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda za ki ga ya koma ja, jinin kyanwarki ne. Safe da yamma za ki riƙa yi.

Idan ƙumar ta yi yawan da mataji ba zai iya ba, kuma kyanwar tana da ƙarfi, a nan ne ake karya dokar mako takwas, domin barin ƙumar ya fi wankan haɗari. Ki zaɓi lokacin da rana ta fi ɗumi, ki rufe taga, ki kashe fanka. Ki shirya tawul biyu ko uku da kwalbar ruwan ɗumi tun kafin ki ɗauko ta. Shamfun da aka rubuta cewa ya dace da 'ya'yan kyanwa shi ya fi. Idan babu, ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, marar turare kuma marar maganin kashe ƙwayoyin cuta, zai yi aiki na sau ɗaya, amma kada ya zama al'ada domin yana busar da fata. Ki fara da zagaye wuyanta da kumfa tun jikin yana bushe. Dalili shi ne da zarar ƙuma ta ji ruwa sai ta ruga zuwa kai, ta shige kunne da gefen ido, kumfar wuyan ce ke tare mata hanya. Sannan ki jiƙa daga wuya zuwa ƙasa, ki cuɗa a hankali, ki ɗauraye sosai. Kai ba ya shiga ruwa. Fuska da auduga mai danshi ake gogewa, ƙumar da ta tsere can kuma a cire ta da yatsa ko mataji. Duka aikin kada ya wuce minti biyar. Ki naɗe ta a tawul, ki canza wani idan ya jiƙe, ki ci gaba da gogewa har ta bushe ƙarau, ki ajiye ta kusa da kwalbar ɗumin inda za ta iya matsawa idan zafi ya ishe ta. Idan ta ɗumama ta ci abinci, kin tsallake.

Sai dai ki sani, ƙumar da kika gani a jikinta kusan kashi 5 cikin 100 ce kawai ta abin da ke gidan. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi a shimfiɗa, darduma, kujera da tsagar daɓe. A can yake zama tsutsa, ya naɗe kansa, ya iya jira na watanni kafin ya fito. Wanda ya wanke kyanwa ya mayar da ita kan tsohon tsummanta, cikin kwana biyu zai ga ƙuma ta dawo. A wanke duk abin da ta kwanta a kai da ruwan zafi a shanya a rana, a share ko a zuƙe ƙurar ɗaki a kai a kai, a kuma ba babbar magen maganin ƙuma na maguna, a ci gaba har wajen wata uku. Yawancin magungunan da ake ɗigawa a ƙeya sai kyanwa ta kai mako takwas, wasu kuma sai ta kai kilo guda. Akwai kaɗan da likita zai iya amfani da su a kan ƙanana, shi ne zai auna ta ya zaɓa. Ƙuma kuma tana ɗauke da 'ya'yan tsila, mage ta haɗiye ta wajen lasa ta kamu, don haka maganin ƙuma da na tsutsa tare suke tafiya.

A nan zan ja hankalinki da babbar murya, domin abin da ke kashe maguna a dalilin wanka galibi abin da aka zuba a ruwan ne. Duk abin da kika shafa wa mage a jiki, ki ɗauka kin ba ta a baki, tunda za ta lashe shi. Hantarta kuma ba ta da isasshen wani sinadari da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen fitar da guba iri-iri, sai gubar ta taru a jininta. Mafi muni shi ne maganin ƙuma da kaska na karnuka wanda a jikin kwalinsa za ki ga an rubuta permethrin. Ɗigo kaɗan yana sa mage rawar jiki, dalalar yawu da farfaɗiya cikin sa'o'i, har ta mutu. Ko kwanciya a jikin karen da aka ɗiga wa maganin yana iya kama ta, don haka a raba su na kwana uku. Idan hakan ta faru, a wanke ta da ruwan da bai yi zafi ba da sabulun wanke kwanuka, a garzaya asibiti. Haka nan kada a sa Dettol ko danginsa a ruwan wankanta, kada a yi amfani da kananzir, fetur, bilic, garin sabulun wanki, ko maganin sauro na fesawa. Mayukan ƙamshi masu ƙarfi da ake tatsa daga tsirrai, irin na na'ana'a da kanumfari da kirfa, su ma guba ne gare ta, kasancewarsu daga tsiro bai sa sun zama lafiya ba. Shamfun mutane ba zai kashe ta ba, amma an haɗa shi ne don fatarmu, wadda ta fi tata tsami da kauri, sai ya bar ta da ƙaiƙayi da amosani. Tunda muna kan batun hanta, farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage; kada a ba ta don an ga kamar tana zazzaɓi bayan wanka.

Ranar da wanka ya zama dole ga babbar, shiri shi ne rabin aikin. Ki rage mata tsinin farce tun jiya, bakin kawai, kada ki kai wurin da ya yi ja a ciki. Ki taje ta tukuna, domin gashin da ya cukurkuɗe idan ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake yi. Kada ki sa almakashi a irin wannan ƙullin. Fatar mage siririya ce, tana tasowa tare da gashin, garin neman gira sai a rasa ido. Injin aski ne maganinsa, a hannun wanda ya iya. Ki zuba ruwan kafin ki shigo da ita, zurfinsa kada ya wuce gwiwarta, saboda ƙarar famfo kaɗai tana isa ta firgita ta. Kunnenta yana jin sautin da ya ninka iyakar namu kusan sau uku. Ki shimfiɗa tawul a ƙasan bahon, domin abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne santsi, idan ƙafarta ta sami abin riƙewa rabin fitinar ta kwanta. Mutum biyu ya fi: ɗaya ya tallafe ƙirji da kafaɗa, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da kofi daga wuya zuwa baya. Kada a ɗaga babbar mage ta fatar ƙeya. Uwa tana yi wa jinjiri haka ne don ba shi da nauyi, ga babba kuwa zafi ne da tsoro. A sirka shamfun da ruwa kafin a shafa, a kuma ɗauki lokaci wajen ɗauraya fiye da wanda aka ɗauka wajen cuɗawa, har sai ruwan ya fito garau. Shamfun magani yakan buƙaci a bar shi minti goma a jiki kafin a ɗauraye, a naɗe ta a tawul a wannan lokacin don kada ta lasa. Na'urar busar da gashi, yawancin maguna ba sa jure ƙararta, kuma tana iya ƙona fata; tawul da ɗaki mai ɗumi sun wadatar.

Idan kika ga ta buɗe baki tana haki, ki dakata nan take. Kare yana haki don zafi, amma mage ba ta numfashi da baki sai ta kai maƙura, kuma wadda ke da ɓoyayyen ciwon zuciya tana iya faɗuwa a wannan hali. Ki naɗe ta, ki bar ta a ɗaki shiru, idan numfashin bai daidaita cikin 'yan mintuna ba a kai ta asibiti. Ba a wanke wadda aka yi wa tiyata sai ɗinkin ya warke, wato kwana 10 zuwa 14, kuma bayan an ɗiga maganin ƙuma a ƙeya a jira aƙalla kwana biyu. Gam, kwalta ko fentin mai kuwa, da man girki ake tausasa su a hankali har su saki, sannan a wanke man da sabulun kwanuka. Kada a kusanto da sinadarin narkar da fenti.

Ki kula da kanki ma. Haƙorin mage siriri ne mai tsini, yana cusa ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ciwon ya rufe a kansu, shi ya sa cizonta a hannu yakan kumbura cikin yini guda. A wanke cizo ko yakushi da sabulu da ruwa mai gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 15 idan ana tsoron ciwon haukan kare, wanda mage ma tana iya ɗauka. Tunda ƙaramar ba ki san tarihinta ba, idan ta cije ki har jini ya fito, ki je asibiti ki faɗi haka. Idan kuma dalilin da ake son a riƙa wanke babbar shi ne wani a gidan yana atishawa ko ƙaiƙayin ido, wankan ba zai kai ku ko'ina ba. Abin da ke jawo hakan yana cikin yawunta da maiƙon fatarta, kuma cikin 'yan kwanaki bayan wanka yake komawa yadda yake. Hana ta shiga ɗakin kwanan mutumin da yawan share ƙura sun fi amfani.

Abin da zai maye miki gurbin wanka a rayuwar yau da kullum shi ne mataji. Mai gajeren gashi sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ta. Yana rage gashin da take haɗiyewa ta amayar, yana rage wanda ke zuba a kujera, kuma yana ba ki damar jin jikinta da hannunki, ki gano ƙuma, kumburi, miki ko rama tun abin yana ƙarami. Ga ƙaramar kuwa, kina cikin lokaci mai daraja: tsakanin mako biyu da mako bakwai ne kyanwa ke koyon abin da za ta amince da shi har tsufanta. Kowace rana ki ɗan taɓa tafin ƙafarta, ki leƙa kunnenta, ki ɗaga leɓenta, ki goge ta da tsumma mai ɗan danshi, kowanne na 'yan daƙiƙu, ki bi da abinci ko wasa. Wadda ta saba da haka tun yanzu, ranar da ta girma ta buƙaci wanka ko magani ba za ku yi kokawa ba.

Ki ware ta a ɗaki guda, da kwanonta da robar yashinta, na wajen mako biyu kafin ta haɗu da babbar. Ki duba fuskarta da kunnuwanta da ƙafafunta ko akwai wurin da gashi ya zube ya bar da'ira mai ɓawo. Idan akwai, makero ne mai yiwuwa, kuma yana kama maguna da mutane, musamman yara, don haka ki wanke hannu duk bayan kin taɓa ta. Ki riƙa auna ta a ƙaramin sikeli kowace safiya ki rubuta. Mai lafiya tana ƙara wajen giram 10 zuwa 15 a rana, kuma idan nauyin ya tsaya ko ya ragu kwana biyu a jere, alama ce ta a koma wurin likita. In za ki kai ta, ki tafi da takardar da kike rubuta nauyin da ɗan kashinta na ranar a leda mai tsabta don a duba tsutsa, ki kuma sa a ba ki ranar allurar rigakafinta ta farko, wadda ake farawa idan ta kai wajen mako takwas.